Laimar Gwaggo Ladi a Ƙofar Mai Unguwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren ɗiyar Mai Unguwa ba, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Abin haushin shi ne duk wanda ya ɗauko labarin sai ya karkata shi. Wasu sun ce Baba ne ya aike ni. Wasu sun ce Inna ce ta kitsa, wai shekara ashirin tana jiran ranar. Akwai ma wata mata da ta rantse a cikin motar Kusada, ba ta san ni ce zaune a bayanta ba, wai sai da aka kai laimar wurin malami ya yi mata tofi. Duk ƙarya ne. Babu wanda ya aike ni, babu neman sarauta, babu malami. Ƙirjin Baba ne kawai, da taurin kan maza, sai kuma nawa taurin kan da na gada a wurinsu.

Bari in fara da mazan, don daga can abin ya taso. Ban san yadda na wani wuri suke ba, amma namu na nan tsakanin Kankia da Kusada sun ɗauki ruwan sama abokin kokawa. Da hadari ya haɗu za ka ga namiji ya cire hula ya sa a leda, ya ciro waya ya sa a leda, in takalmin sabo ne shi ma ya tuɓe ya maƙale a hammata. Hula ta tsira, waya ta tsira, takalmi ya tsira. Shi kuwa mai kayan sai ya taho cikin ruwa a hankali, ko sauri ba ya yi, riga ta manne mashi a jiki kamar kazar da aka tsoma a ruwan zafi. Ka miƙa mashi laima, ya dube ka kamar ka miƙa mashi zane da kallabi. "Ni gishiri ne?" Amsarsu ke nan, tun daga mai sabon gemu har mai furfura.

Babana, Malam Iro, shi ne limaminsu a wannan fanni. Manomi ne a wani ɗan ƙauye bayan Yashe, gero da dawa da gyaɗa. Sunan mahaifiyarshi aka sa mani, shi ya sa ba ya faɗin sunana, sai dai ya ce Uwata (Inna ta ce abin da ya lalata mani baki ke nan, na ɗauka da gaske ni na haife shi). Da na gama sakandare sai na koma Kankia wurin ƙanwarshi Gwaggo Ladi, mai suyar awara a bakin titi, ina koyon ɗinki.

Da hannuna ya fara kama ɗinki, abu na farko da na saya wa Baba rigar ruwa ce, mai kauri, ruwan ganye, har da hularta. Ya karɓa, ya sa mani albarka kamar da gaske. Na zo gida bayan sati biyu na tarar da ita shimfiɗe a kan buhunan taki. Na saya mashi safa lokacin sanyi, ya mayar da ɗaya ma'ajiyar batir ɗin rediyo, ɗayar har yau ban san inda take ba. Hular sanyi kuwa cewa ya yi, "Uwata, in na sa wannan a masallaci ai sai a ce mai jego ta shigo sahu."

To, bana ruwa ya biya shi. Cikin marka, irin yayyafin nan na Agusta da yake wuni bai tsaya ba, Baba ya tafi sa wa dawa taki, wai ƙasa ta yi laushi, ba a barin irin wannan rana. Ya wuni a ciki. Kwana biyu ya fara tari, kwana huɗu numfashi ya fara gagara. Aka ɗauko shi a mota zuwa asibiti a Kankia, kuma ni ce na yi jinyarshi tunda ni ce a garin. Limoniya aka ce. Kwana tara muka yi. Na ga Baba da robar iska a hanci, mutumin da yake ɗaukar dami biyu a ka, yana so ya ce mani in ba shi ruwa amma sai ya huta a tsakiyar maganar. Ba na son tuna wannan, sai dai dole in faɗa don ku san abin da ke cikin kaina ranar da na yi abin da na yi.

Ranar sallama likita ya dube ni, bai dubi Baba ba (da alama ya san maza), ya ce, "Huhun bai gama warkewa ba. Kada ruwa ya sake dukanshi, kada ya zauna da jiƙaƙƙen kaya. In ya dawo nan karo na biyu, abin zai fi wannan wuya." Na riƙe wannan magana kamar karatun allo. Na tattara ɗinkina na bi Baba ƙauye don in tsare shi.

Cikin kayan da na taho da su akwai laimar Gwaggo Ladi. Ba irin ta hannu ba ce, babba ce, wadda take kafawa a kan kaskon awara, mutum huɗu sa zauna a ƙarƙashinta. Ja da rawaya da kore, ƙyalle-ƙyalle. Bakinta ne ya zaizaye ta ba ni in gyara. Ni kuma da iyayi irin na sabon tela, maimakon in kalmashe in ɗinke, sai na samo ragowar geza mai ruwan zinari da ta rage daga wani labule, na zagaye bakin da ita tsaf. Na ɗaga na duba na ce lallai Gwaggo za ta yi ciniki.

Saura abu guda da ya kamata ku sani. Mai Unguwarmu ɗan baffan Baba ne, tare suka tashi, tare aka yi masu kaciya. Lokacin da tsohon mai unguwa ya rasu, ni ina goye, su biyun aka ambata. Aka ba wancan, Baba ya je ya yi mubaya'a, shi ke nan. A wurina tatsuniya ce. Ban san cewa a ƙauye irin wannan magana ba ta mutuwa ba, kwanciya take yi da ido ɗaya a buɗe.

Kwana goma sha ɗaya da sallamarmu aka sa ɗaurin auren ɗiyar Mai Unguwa, da wani yaro ɗan Kunduru. Kun san uba ba ya ba da auren ɗiyarshi da kanshi, ɗan'uwanshi ke bayarwa. Baba ne waliyyi. Babu zancen ya ƙi zuwa, ni ma ban nema ba. Abin da na nema kawai shi ne ya tafi da rigar ruwa, don tun da hantsi gabas ta yi baƙi.

"Baba, ga rigar nan na wanke ta."

Ya tsaya cikin farar babbar rigarshi da aka buga ta sha shuni, ya dubi rigar ruwan, ya dube ni.

"A kan wagga rigar zan ɗora wannan? Waliyyi ne ni ko mai gadin gidan mai?"

"Ka riƙe ta a hannu to. In an fara sai ka sa."

"Ba a farawa. Hadarin ga na Dudunni ne, can zai sauka."

"Baba, likita ya ce…"

"Likita ya haife ni? Uwata, kauce mani a hanya."

Inna tana bakin murhu, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Ƙyale shi. Shekara talatin ina wannan waƙa." Ya fita.

Mu mata muna cikin gidan biki, ana ta tuƙe-tuƙe. Maza suna waje a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin darbejiya saboda zauren ba zai ɗauke su ba. An ce ƙarfe goma sha ɗaya, amma manyan dangin ango ba su iso ba, motarsu ta kafe a laka wajen wani kwari. Ana cikin jira sai hadarin Dudunni ya sauya shawara. Ba da ƙarfi ya zo ba, da ma ya zo da ƙarfi da kowa ya samu hujjar gudu. Yayyafi ne siriri mai sanyi, irin wanda yake shiga ƙashi.

Na leƙa ta wata ɓarakar katanga. Maza sun fi ɗari, kuma wallahi babu ko ɗaya da ya motsa. Huluna dai sun ɓace, kowa ya cusa tashi a aljihu ko ƙarƙashin riga. Ga zaure a buɗe, ga rumfar mai shayi a can gefe, amma Mai Unguwa yana zaune a kan kujerarshi bai tashi ba, don haka dattawa ba su tashi ba, don haka samari ba su tashi ba. Kowa yana jira wani ya fara zama rago. Ga Baba a tabarmar gaba, ɗan nesa kaɗan da kujerar Mai Unguwa, farar rigar ta fara yin duhu a kafaɗa. Sai na ga ya dunƙule hannu ya kai baki, kafaɗunshi suka girgiza.

Tari ɗaya. Shi ke nan abin da na gani. Daga nan ban sake tunani ba sai bayan azahar.

Na fita ta ƙofar baya, na ruga gida, gida uku ne tsakani. Rigar ruwa na san ba zai sa ba ko da an ɗaure shi. Idona ya faɗa kan laimar Gwaggo jingine a bango. Na ce to, wannan ba sai ya yarda ba, ni zan riƙe. Na saɓa ta a kafaɗa kamar mai zuwa farauta. Na haɗu da Inna a hanya ta biyo ni, tana cewa, "Ke! Ke! Ina za ki da wannan? Cikin maza?" Ban ko waiga ba.

Wanda bai taɓa ratsa taron ɗaurin aure yana mace ba, ba zai gane ba. Na bi ta tsakiyar tabarmi ina tsallake takalma, ina "gafara dai, gafara dai," mutane suna janye ƙafa suna bina da kallo. Na isa bayan Baba, na dafa ƙarfen da ƙafa, na tura. Laima ta buɗe fau, ja da rawaya da kore, geza tana rawa.

Duk ido ya dawo kanmu. Har mai rabon goro ya tsaya da faranti a hannu.

Baba ya ji ruwa ya daina taɓa shi, ya ɗaga kai. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta sauya haka ba. Ya yi magana ta tsakanin haƙora, ba tare da leɓenshi ya motsa ba.

"Uwata. Rufe abin ga."

"Ba zan rufe ba."

"Na ce ki rufe ki ɓace mani daga nan."

"In an shafa fatiha na rufe."

Ni a raina kunyar laima yake ji irin tasu ta maza, kuma na riga na ƙudurta yau sai dai ya ji kunyar. Abin da ban tsaya na tuna ba, abin da ɗan shekara bakwai ya sani a ƙasar nan, shi ne ba a riƙe wa kowa laima a ka cikin taro sai mai sarauta, kuma ba kowace sarauta ba. Mai unguwa kanshi bai kai a riƙe mashi ba. Namiji ya riƙe wa kanshi laima, abin dariya ne. A tsaya a bayanshi a riƙe mashi, mai launi, mai geza, a ƙofar gidan mutumin da suka nemi kujera tare, wannan kuma wata magana ce daban.

Kuma ban tsaya nan ba. Wani ɓangare na laimar ya ɗan lotsa, ruwa yana taruwa yana ɗiga daidai kafaɗar Baba. Sai na fara juya ta a hankali don ruwan ya watse. Na juya dama, na juya hagu. (Na ce maku ban sake tunani ba sai bayan azahar.) Na ji wani tsoho a gefe ya ce, "La'ilaha illallahu, har da juyi."

Daidai nan dangin ango suka iso, dattawa biyar, ƙafafunsu duk laka, suna sauri saboda sun makara. Baƙi ne, ba su san fuskar kowa ba. Suka tsaya suka duba taro. Ga wani dattijo a kan kujera ruwa yana zuba a kanshi. Ga wani kuma cikin farar babbar riga, an kafa mashi laima mai geza ana juyawa. Ku da kanku, wa za ku fara gaidawa?

Suka wuce Mai Unguwa kamar ba su ga kowa ba. Suka zo gaban Baba suka zube, su biyar, suka dunƙule hannu suka ɗaga.

"Ranka ya daɗe! Allah ya ja zamaninka! A gafarce mu, hanya ce ta riƙe mu."

A lokacin ne abin ya faɗo mani a ka, gaba ɗaya, kamar an sako mani dami daga saman rumbu. Na dubi laima. Na dubi geza. Na dubi Mai Unguwa, ruwa yana bin gemunshi, yana kallonmu. Sanƙiran da aka ɗauko don shelar aure, wanda bakinshi bai san kara ba, ya ɗaga murya ya ce, "To jama'a, ku shaida! Mun zo ɗaurin aure mun tarar da naɗi, ba ganga ba algaita!" Samari na baya suka fashe. Dattawa ba su yi dariya ba, kuma rashin dariyarsu ya fi dariyar ciwo.

Baba ya miƙe. Bai dube ni ba. Ya fita daga ƙarƙashin laimar, ya taka zuwa gaban kujerar Mai Unguwa, inda babu ko tabarma, ya durƙusa cikin caɓi da farar rigarshi, ya ɗaga hannu ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Ranka ya daɗe, ga baƙinka sun iso." Dattawan Kunduru suka rarrafo suka bi shi, suna ta ba da haƙuri ba su san ma wa za su ba ba.

Ni kuwa aka bar ni tsaye ina yi wa tabarma inuwa.

Na ce bari in rufe in sulale. Maƙullin ya ƙi. Na danna, na ja, na buga da tafin hannu, laimar Gwaggo ta ce ita ba ta san wannan ba. Haka na juya da ita a buɗe na sake ratsa maza, geza tana shafar kawunan mutane, ina "gafara dai" da muryar da ni kaina ba na ji. Na nufi zaure in shige cikin gida, laima ta fi ƙofar faɗi, ta tokare. Sai da na ja da baya na zagaya ta lungu. Wannan tafiya ba ta fi taku hamsin ba, amma na fi jin tsawonta a kan tafiyar Kankia da ƙafa.

Kunya daban, amma ba ita ce ta hana ni cin abinci ranar ba. Saboda abin da na yi, Baba bai koma kan tabarma ba. A nan cikin caɓi ya zauna, kusa da ƙafar Mai Unguwa, aka ɗaura aure, aka shafa fatiha, kuma ya ƙi tashi har sai da baƙo na ƙarshe ya hau mota, don kada wani ya ce ya yi zuciya ko ya ji daɗin abin. Da ban je ba, da rabin awa zai yi a yayyafi ya dawo. Na je, ya yi awa biyu. Ya shigo gida rigar tana zubar da ruwa, leɓenshi ya yi fari. Ni da na tafi tsare huhunshi, ni na jiƙa shi da hannuna.

Bai yi mani faɗa ba. Da ya yi da na samu sauƙi. Ya shiga ɗaki ya sauya kaya, daga nan duk abin da zai ce mani sai ya bi ta Inna. "Ki ce ma ta can ta kawo ruwan zafi." Ni ce ta can. Na dafa citta da kanumfari na kai, na kunna gawayi na tura ɗakin, na lissafa awannin maganinshi. Kullum da safe in na shiga gaishe shi sai in yi kamar zan ɗauki kofi, in goga bayan hannuna a nashi don in ji ko akwai zafi. Ya gane, amma bai janye ba. In ya yi gyaran murya daga ɗaki, sai in kasa kunne. Maganar likita kawai nake ji: karo na biyu zai fi wuya.

A waje kuwa gari ya ɗauka. Mata suka riƙa shigowa aron abin da ba su buƙata don su gan ni. Wata ta ce wa Inna, "Ashe kun daɗe da shiri, ba ku gaya mana mun yi anko ba." Yara suka samu sabon wasa, ɗaya ya zauna ɗaya ya riƙe mashi faifai a ka yana juyawa. Ban damu da su ba sosai. Hankalina yana kan ƙofar ɗakin Baba.

Kwana ɗaya, ba zazzaɓi. Kwana biyu, tari kaɗan da asuba, ya lafa. Kwana uku ya cinye tuwo har ya nemi ƙari. Rana ta huɗu da hantsi na ji shi a wajen turke yana yi wa akuya faɗa da cikakkiyar murya, zagi tiryan-tiryan ba hutu a tsakiya. Wallahi ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba. Na zauna a kan turmi, na ce Alhamdulillahi ya fi sau ashirin.

Ina nan zaune aka yi sallama, sallamar ta ƙare da atishawa. Mai Unguwa ne da kanshi, da rawani naɗe har hanci da ƙyalle a hannu. Na zabura zan faɗa ɗaki, ya ce, "Dawo nan, sarkin laima." Na dawo na durƙusa nesa. Baba ya fito da sauri ya shimfiɗa mashi buzu.

"Ɗiyata, tambaya ɗaya zan yi maki. Wa ya aike ki?"

"Ba kowa, Baffa."

"To me ya kai ki?"

Baba ya yi mani wani kallo na ki-yi-shiru. Amma ni da na riga na ratsa maza ɗari da laima, kallo ɗaya ba zai tsayar da ni ba. Na faɗa mashi duka: kwana tara, robar iska, yadda magana take yankewa, abin da likita ya ce ranar sallama. Mai Unguwa ya sauke rawanin daga bakinshi, ya juya ya dubi Baba.

"Iro. Kai da ka aiko mani cewa ɗan zazzaɓin damina ne, kana hutawa wurin Ladi?"

Ashe haka ya sa aka faɗa a gari. Ashe duk ƙauyen babu wanda ya san ya kusa tafiya, don ya hana Inna faɗa, wai kada a riƙa zuwa dubiya ana kallonshi kwance.

"Ranka ya daɗe, ai ya wuce," in ji Baba, yana kallon ƙasa.

"Ya wuce gidanku! Da na sani ai da cikin masallaci aka ɗaura. Ka zauna mani cikin caɓi awa biyu, in ka mutu a ƙofar gidana ranar auren ɗiyata, me zan ce ma mutane? Wannan ne abin da zai ɓata ni, ba laimar awara ba." Ya yi atishawa, ya share hanci. Sannan ya juyo wurina, muryarshi ta sauka. "Ke kuma, kin san abin da nake tunani lokacin da kike ta juyi? Ruwa yana bin bayana har cikin wando, ina cewa a raina, yarinyar ga da za ta matso taku uku."

Inna ta tuntsire da dariya daga cikin ɗaki. Na ce, "To Baffa me ya hana ka tashi ka shiga zaure?"

"In tashi a gaban baƙi? A je Kunduru a ce mai unguwarsu ya guji yayyafi?"

Kun ji fa. Da hanci yana zuba yake faɗin haka.

Suka ci gaba da hirarsu kamar ba na wurin. Mai Unguwa ya ce shi abin da ya sani, iyayensu ba su san laima ba kuma ba su jiƙe ba, kabido suke sawa, wato wata rufa da ake saƙawa da kaba, daga ka har gwiwa, ruwa ya bi ta ya sauka. Baba ya washe baki karo na farko cikin kwana huɗu, ya ce, "Ai wannan shi ne kayan maza. Babana da shi yake noma, da shi yake zuwa kasuwa."

Na ce, "In na samo kabido za ka sa?"

Ya dube ni kai tsaye, ba ta hannun Inna ba. "In kin samo, Uwata, zan sa." Ya faɗa da sakin fuska irin na wanda ya tabbata masu saƙar sun ƙare tun kafin a haife ni.

"Baffa ka shaida?"

"Na shaida," in ji Mai Unguwa.

Abin da na koya, a kan tsada, shi ne namiji zai yarda ya jiƙe, ya yi tari, ya kwanta asibiti ya ɓoye, amma ba zai yarda wani namiji ya gan shi yana gudun ruwa ba. Ba a gyara shi da tsawa, ba a gyara shi a gaban mutane. In kana so ya rufu, nemo mashi abin da ubanshi ya rufa da shi.

Na koma Kankia na bi masu tallar nono ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Ta shida ce ta ce akwai wani tsoho a wata ruga wajen Dudunni da har yanzu yake saƙa wa makiyaya. Ranar Asabar zan hau babur in je da kaina. Guda biyu zan sa ya saƙa, ɗaya na Baba, ɗaya na mai shaida, don in ya ga ɗan'uwanshi sanye da shi ba ya da bakin cewa a'a.